Jiya a Gidan Makama

Shekara nawa ina wuce Gidan Makama na Kano a kan hanyata ta zuwa kasuwar Kurmi, sai jiya Allah ya nufa na shiga. Kunya ma ta kama ni, ga ni ɗan birni.

Rana tana ƙwalla a waje, amma ina sa ƙafa a zaure sai sanyi ya buge ni kamar na leƙa randa. Ba fanka, ba komai, kaurin katangar tubali ne kawai. Na ɗaga kai na tsaya ina kallon rufin: azara a jere ɗaya bayan ɗaya, an gicciya su kamar saƙar tabarma, bakan gizo ya taso daga bango ya tallafe su. Har wuyana ya gaji.

Ginin tun ƙarni na 15 ne, zamanin Muhammadu Rumfa, yanzu kuma gidan tarihi ne da gwamnatin tarayya ke kula da shi. Tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa suna ciki, na shafa ɗaya a ɓoye, a gafarce ni.

Na koma ɗakina na bulo da kwano, zufa ta hana ni barci.