Ɗigon jan da na raina a gindin kwalba

Har yau idan na ga wani abu ja-ja ya kwanta a gindin kwalbar gwaji, sai gabana ya faɗi. Ɗigo ne da bai kai kan allura ba, amma shi ya cinye mini wata bakwai a aikin digirina na uku.

Abin da nake nema in sani shi ne: idan kimoterafi, wato magungunan kashe sankara, ya faɗa wa ƙwayoyin sankarar jini mai saurin yaɗuwa da ake kira AML, eksozom ɗin, wato 'yan ƙunsoshin da suke zubarwa, suna ƙara danne garkuwar jiki ne ko suna sassautawa? An daɗe da gane cewa waɗannan 'yan ƙunsoshi masu girman nanomita 30 zuwa 150 ba shara ba ne, saƙo ne. Tun 2011 ɗakin binciken Theresa Whiteside a Jami'ar Pittsburgh ya nuna cewa waɗanda ke yawo a jinin masu AML suna ɗauke da furotin TGF-beta1, wanda ke rage NKG2D, wani furotin gane abokin gaba, a jikin ƙwayoyin NK, ƙwayoyin garkuwar jiki masu kashe sankara, wato ya rufe wa mai gadi idon da yake gane ɓarawo da shi. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Alabama da ke Birmingham suka nuna cewa a sankarar ɓargo ta mayeloma, magunguna irin su bortezomib da melphalan suna sa ƙwayoyin cutar su ƙara zubo eksozom masu ɗauke da heparanase, sinadarin da ke narkar da abin da ke kewaye da ƙwayoyin jiki. Ni kuma so nake in ga ko haka abin yake da daunorubicin, wanda ake haɗawa da cytarabine a tsarin maganin AML da ake kira 7+3, wato kwana bakwai na cytarabine da kwana uku na daunorubicin.

Renon ƙwayoyin sankarar da ware NK daga jinin masu lafiya bai ba ni wahala ba. Nakan zuba wa ƙwayoyin sankarar maganin, in bar su kwana ɗaya, in kwashe ruwan, in juya shi a inji mataki-mataki har zuwa ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, don eksozom ɗin su kwanta. A nan ne na yi kuskuren. Ƙa'ida ita ce a wanke abin da ya kwanta a ruwan gishiri, a sake juyawa. Amma duk wankin da aka yi sai an yi asarar wani kaso, ni kuwa abin da nake samu kaɗan ne ƙwarai. Sai na tsallake wankin. Na ga launin ja-ja ɗin tun ranar farko. Na gan shi da idona, na ce a raina ai kalar ruwan renon ce.

Sakamakon ya fito yadda ya kusa sa ni kuka don murna. NK ɗin da suka kwana da eksozom na bayan magani suka kusan daina kashe ƙwayoyin K562 gaba ɗaya, wato ƙwayoyin sankarar da ake gwada ƙarfin NK a kansu. Na maimaita, na sake maimaitawa, abu ɗaya. Har na fara rubutu.

Ranar da na gabatar a taron ɗakinmu, shugabar bincikena ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Kai, NK ɗin nan naka suna da rai kuwa lokacin da ka haɗa su da K562?" Na ce, "Malama, ban duba ba." Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in ɗauki waɗanda ban sa musu rini ko ɗaya ba, in saka a injin ƙirga ƙwayoyi. Sai ga su suna haske a layin PE, wani rini mai haske da injin ke karantawa, kamar an rina su. Daunorubicin ja ne, kuma yana haske da kansa idan hasken laza shuɗi ya doke shi. Maganin ne ya biyo ɗigon nan ya shiga NK ɗina ya kama DNA ɗinsu. Ba danne su aka yi ba, guba na ba su. Ƙari a kan haka, NKG2D ɗin ma da rinin PE nake auna shi, don haka waɗannan alƙaluman su ma suka bi ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinin mutanen da suka ba ni da zuciya ɗaya, wanda na ƙarar a kan gwajin da ba shi da tushe. Kwalba guda ce za ta hana duk wannan: ruwan reno mai magani amma babu ƙwayar sankara a ciki, a bi da shi duk matakan, a zuba wa NK. Aikin yini ɗaya ne, ban yi ba saboda sakamakon ya yi mini daɗi.

Da na koma farko, sai na riƙa barin maganin na 'yan awanni kawai, in wanke ƙwayoyin sosai, in sa sabon ruwa, sannan in jira su zubo. Na ƙara da tacewa bisa girma, wadda ke raba ƙunsoshin da narkakken magani. Na mayar da NKG2D zuwa rinin APC, wanda haskensa bai haɗu da na maganin ba, kuma ban ƙara haɗa NK da komai ba sai na ƙirga masu rai. Duk mai aiki da dangin daunorubicin ko doxorubicin, ina roƙonsa ya duba launin abin da ya kwanta kafin ya duba wani hoto, kuma kada ya ji ƙyashin abin da wanki zai cinye.

Danniyar tana nan, amma ba ta kai ta da ba ko kusa. NK masu rai sun rage NKG2D, kuma da na toshe TGF-beta sai wani ɓangare na ƙarfinsu ya dawo. Wannan ƙaramin sakamakon na fi yarda da shi, domin na san inda ya fito.

Sai dai ko bayan duk wannan tsaftar, ɗan hasken ja bai ɓace gaba ɗaya ba. Wani kaso na maganin a cikin ƙunsoshin yake, ba a bayansu ba. Tun 2003 aka ba da rahoton cewa ƙwayoyin sankara na tura doxorubicin waje a cikin irin waɗannan ƙunsoshi don su tsira. Idan haka na faruwa a ɓargon majinyaci, to ƙwayar sankarar da ta tsallake magani tana iya miƙa shi ga ƙwayoyin garkuwar da ake sa ran su share ragowar cutar. A kan wannan nake aiki yanzu, kuma kwalbar farko da nake shiryawa kowace safiya ita ce wadda babu sankara a cikinta.