Abin da na koya a teburin tantance bayanai

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis, kuma tunda tambayar dalili ta yi yawa, gara in rubuta sau ɗaya in huta. Kun san aikina: duk kayan aikin da za a jona wa wakilin AI ɗinmu, wato manhajar da ke aiki da kanta tana saita tallace-tallace da farashin duwatsun da ake saya a cikin wasanninmu na waya, ni nake fara karanta takardun bayaninsa in ba shi maki.

Abin da na daɗe ina faɗa a ofishin nan na Garwa a Kamaru shi ne, mai karanta bayanin ba mutum ba ne. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, tsarin jona kayan aiki wa wakilan AI, a Nuwamban 2024, yawancin kayan da ake kawo mana da abu uku suke zuwa: suna, ɗan taƙaitaccen bayani, da guraben da za a cike. Da su kaɗai wakilin yake aiki. Ni idan na ga gurbi an rubuta adadin kuɗi ba a faɗi ma'auni ba, zan ɗaga waya in tambaya. Shi kuwa hasashe zai yi ya wuce, kuma hasashen nasa daga abin da ya fi gani yake fitowa, wato dalar Amurka da yuro.

A yawancin hanyoyin biyan kuɗi ta intanet, dalar Amurka ɗaya ana tura ta ne a matsayin 100, don da santi ake lissafi. Sefa ba haka take ba, 500 ɗinta 500 ce. Kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya fito fili ya jera kuɗaɗen da ba a ninka su, XAF, wato sefa, na ciki tare da yen ɗin Japan. Google Play kuma da maikro yake ƙirga farashi, kashi ɗaya cikin miliyan. Ma'auni uku ke nan, gurbin kuwa lamba ɗaya yake karɓa.

Kayan da maigida ya kawo a lokacin zafi, na shagonmu na intanet inda 'yan wasa ke biya ta MTN Mobile Money da Orange Money, takardunsa sun yi kyau a ido. Hotuna, bidiyo, Faransanci da Ingilishi. Amma duk misalan da dala aka yi su, kuma layin da wakili zai gani cewa kawai ya yi a sa kuɗi a ƙaramin ma'auni. Babu filin gwaji, inda za a gwada ba tare da taɓa kuɗin gaske ba. Ba a faɗi ko farashin da aka canza yana komawa ba. In abu ya lalace, saƙo iri ɗaya yake dawowa, ba dalili. Na ba shi maki ƙasa da rabi, na rubuta a saman rahoto cewa kada a bar wakili ya taɓa farashi da shi.

Ya kira ni ofishinsa. Ya ce, “Malam, kai fa tsaurinka ya yi yawa. Mutanen nan manyan kamfanoni suke yi wa aiki.” Na ce, “Ranka ya daɗe, su ba da sefa suke sayarwa ba.” Ya yi dariya, ya ce in bar masa rahoton. Daga baya na ga an cire gargaɗin, an ɗaga makin, sunana kuma yana nan a ƙasa yadda na sa shi.

Ranar wata Juma'a da yamma aka umarci wakilin ya yi rangwamen ƙarshen mako. Jakar duwatsun da ya kamata ta koma sefa 500 ta fito a 50,000. Ba wanda ya lura, don wuta ta ɗauke kuma kowa ya tafi gida. Sai da iyaye suka fara turo hoton allon waya a WhatsApp suna zagin mu da damfarar yara. Ciniki ya tsaya cik, kuma ƙananan kamfanoni irin namu ba su da kitsen da za su ɗauki irin wannan. Google Play yana yanke kashi 15 cikin ɗari, AdMob mai biyan mu kuɗin talla ba ya turo kuɗi sai sun kai dala 100, shagon nan ne yake biyan albashi.

A taron Litinin, a gabanku duka, ya ɗaga takardar ya ce mai tantancewa ne ya amince. Wasunku sun san gaskiya, sun sunkuyar da kai. Ban ga laifinku ba sosai, kowa da bakin da yake ciyarwa. Na buɗe kwamfuta na nuna asalin rahoton da kwanan watansa, ya ce ba lokacin tone-tone ba ne, a fuskanci gaba. Har yau bai ce min komai a kai ba, alawus ɗin watan kuma bai dawo ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kada ku karanta shafin talla, ku karanta layin da wakili zai gani. Ku ba shi aikin a filin gwaji ku duba lambar da ya tura da idonku. Duk abin da ya shafi farashi, mayar da kuɗi ko yawan talla, mutum ya danna amincewa. Bayanin da bai ambaci yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba, ko neman izinin 'yan wasan Turai da Google ya wajabta tun Janairun 2024, bai cika ba. Rahoto kuma a tura shi ta imel, a sa mutum na uku.

Wanda zai gaje ni zai tarar da takardar makin a babban fayil. Na ƙara mata layin ma'aunin kuɗi a farko. Akwai kaya biyu da ban gama dubawa ba, ɗaya daga cikinsu daga hannun mutanen nan ne dai.