Aikin ƙwayoyin asali a Abuja: abin da na gani da idona

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a nan Abuja, na ɗan jima ina aiki ƙarƙashin wata Farfesa da bincikenta duk a kan sikila yake da ƙwayoyin asali, wato sitem sel, irin waɗanda ke cikin ɓargo suna ƙera jinin jikin mutum. Nawa aikin shi ne in karɓi jinin da aka ɗiba, in juya shi a inji in ware fararen ƙwayoyin, in daskarar da su, wasu mu ajiye wasu kuma a tura wa abokan aikinmu na wata jami'a a Ingila.

Abu na farko da na koya, wallahi rabin binciken nan wutar lantarki ce. Firizarmu sanyinta 80 ne ƙasa da sifili, tulun naitirojin kuma 196, to in aka ɗauke wuta cikin dare janareto ya ƙi tashi, aikin wata da watanni ya narke ke nan, kuma da wane ido za ka koma wajen uwa ka ce a sake ɗibar jinin yaron da dama can jinin bai ishe shi ba? Shi ya sa wayata a kunne take kwana, mai gadi ma ya san ni zai fara kira.

Amma babban darasin wajen Farfesa na ɗauke shi. Ko kwalba ɗaya ba ta bari ta fita sai an rubuta yarjejeniya: waye mai ƙwayoyin, sunan wa da wa zai hau takardar binciken, sannan dole ɗalibinmu ɗaya ya je can ya koyo aikin da hannunsa. Ta kan ce min, Malam, jinin 'ya'yan mutane ne fa, amana aka ba mu. Kuma tana da abin ciniki a hannu. Tun da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa da ƙwayoyin gado huɗu kacal za a iya mayar da ƙwayar jikin ɓera ta koma ta asali, a 2007 ya yi da ta mutum, har ya ci kyautar Nobel a 2012, duniya ta cika da irin waɗannan ƙwayoyin da aka juya, sai dai yawancinsu daga jikin Turawa aka samo su. Mu kuma nan ne sikila ta fi yawa a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. Ke nan suna bukatarmu kamar yadda muke bukatarsu.

Haɗin gwiwar da ke burge ni shi ne wanda ke barin ƙwarewa a gida. A 2011 Nosakhare Bazuaye da tawagarsa suka yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a asibitin koyarwa na birnin Benin a jihar Edo, bayan haɗa kai da likitocin Basel ta Suwizalan. A 2024 asibitin koyarwa na Legas ma ya fara, tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya da jami'ar Vanderbilt ta Amurka. A ƙasar nan aka yi, 'yan ƙasar nan suka koya.

Inda na fi jin nauyi shi ne zama da iyaye. Kowa likita yake ce maka, likita yaushe za a yi mata dashen? Dole in faɗa musu da Hausa, ba ɓoye-ɓoye, cewa jinin nan na bincike ne, ba magani ba ne, in ba su yarda ba ba abin da zai rage a kulawar da ake ba 'yarsu. In aka zo maganar dashe kuma likitocinmu na bayyana musu cewa damar ɓargon ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya ya dace ɗaya ce cikin huɗu, kuma aikin na da haɗari. Wasu sun ji labarin wani maganin sikila, Casgevy, da aka amince da shi a ƙarshen 2023, ana gyara ƙwayoyin mutum da kansa a mayar masa, sai ka ce musu dala miliyan 2.2 ne a Amurka, ka ga jikinsu ya yi sanyi.

Jami'a dai yawan masu ambaton takardunka take ƙirgawa in za ta ƙara maka girma, shafin intanet na Google Scholar ake buɗewa a duba, kuma ban raina wannan ba. Ni dai abin da nake dubawa shi ne ɗalibarmu da ta dawo daga Ingila yanzu ita ke renon ƙwayoyin a nan, kullum sai ta canja musu ruwan abinci har Asabar da Lahadi, tana kuma koya wa na bayanta. Matsalarmu yanzu ruwan nan da dala ake odarsa kuma yakan makara a hanya, shi ne muke neman wasu ɗakunan gwaji mu riƙa yin oda tare.