Kada ku ajiye ƙwaya don kun fara tattaki

Ina da shekara 38 aka fara ce min ina da hawan jini. Awo ya nuna 160/100, ni kuwa ko ciwon kai ba na ji. Likita ya ɗora ni a kan amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce in rage gishiri da magi, in kuma riƙa motsa jiki.

Na bi maganarsa. Da an idar da sallar asuba sai in kama tafiya da sauri, minti 30, kwana 5 a mako, daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara. Cikin wata 3 awo ya sauko 128/82.

A nan na yi wautar da nake so ku guje mata, ƙannena. Na ce ai tattaki ya warkar da ni, me zan yi da ƙwaya? Dama ƙafafuna suna ɗan kumbura da yamma, abin da amlodipine ke jawo wa wasu. Maimakon in koma in faɗa wa likita ya duba ko a canza min, sai na cusa kwalin a durowa, na ƙara da ɗaga ƙarfe wajen samarin unguwa, ina riƙe numfashi ina nishi. Ashe riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi yana cilla jini sama nan take.

Bayan makonni 6 na tashi da nauyin kai, idona yana gani dishi-dishi. Aka auna: 182/112. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Malam, da me kake wasa? Shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama."

Motsa jiki yakan rage lambar sama da maki 5 zuwa 8 ne. Taimako ne babba, amma ga wanda ya fara daga 160, sauran aikin ƙwayar ce ke yi. Rage ta ko daina ta hukuncin likita ne, bayan ya ga awo na makonni.

Yanzu na sayi na'urar awo, ina rubuta lambobin a littafi in kai masa. Idan na gama tafiya ba na tsayawa cak, nakan sassauta na minti 5 don kada jiri ya ɗebe ni. An canza min magani, kumburin ya tafi. Ƙarfen kuwa na bar wa samari.