Godiya ga duk wanda ya sa hannu a hidimar Kirsimetin bana

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Sai yau na samu na zauna na rubuta wannan, tun ranar 1 ga Janairu muryata ta dishe ƙafa kuma ta kumbura, har sai da Mama Fasto ta ce in ban rubuta ba kar in sake zuwa mata da zancen gajiya. To ga ni, a madadin kwamitin taimako na ikilisiyarmu a nan gefen Zariya.

Zan fara da faɗin gaskiya, saura kaɗan bana a fasa rabon gwauraye da marayu. Da muka zauna mitin a watan Oktoba ma'aji ya buɗe littafi, abin da ke asusun ko buhun shinkafa biyu ba zai saya ba, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye baikon mutum kafin ya iso majami'a. Ni ce ma na fara cewa a haƙura sai baɗi, ban ɓoye ba. Sai wani baba cikin dattawan ikilisiya, wanda ba ya cika magana a mitin, ya ce ai manoma ne mu ba ma'aikatan banki ba, me ya sa kullum kuɗi muke nema? A ajiye buhu a bakin ƙofa daga ranar godiyar kaka har Kirsimeti, mai mudu ya zuba mudu mai gwangwani ya zuba gwangwani, kar a rubuta sunan kowa. Baba, mun gode. Na yi maka gardama ranar, ka yafe mini.

Buhun nan sau nawa muka juye shi ni kaina na daina ƙirga. Masara, dawa, gero, wake, waken suya, har da wanda ya zuba gyaɗa a cikin masara muka kwana muna tsincewa (ɗan'uwa ko kai waye Allah ya sa albarka, amma baɗi a ƙulla a leda don Allah). Wata Lahadi ina tsaye a ƙofa ina raba takardar sanarwa sai ga wata kaka, sunanta na cikin lis ɗin waɗanda za a ba, ta kwance bakin zaninta ta zazzage gero a buhun, bai fi rabin mudu ba. Na matsa na ce mata a hankali Kaka ai ke za a kai wa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce 'yar nan, wanda za a kai wa an hana shi bayarwa ne? Ta wuce abinta da sandarta. Shekara nawa ina jin wa'azin gwauruwar nan mai anini biyu a Markus sura 12, ranar dai kunya ta hana ni zama a benci na gaba.

Yaranmu da ke aiki a Kaduna, Abuja da Legas, alat ɗinku ya iso, da shi aka sayi man gyaɗa, magi, gishiri, sabulu da barguna, don hunturun bana bai zo da wasa ba. Wasu a cikinku ko gida ba ku samu zuwa ba saboda tsadar mota da tsoron hanya amma kun tuna da mu. Allah ya mayar da ninki.

Daren 24 ga Disamba kuwa sai wanda ya gani. Ana tsakiyar karatun Luka sura 2 aka ɗauke wuta, aka ja janareta ya yi tari biyu ya yi shiru, lasifika ta mutu, majami'a ta yi duhu ɗif ga mutane har waje. Kafin Fasto ya ce wani abu iyayenmu na Zumuntar Mata sun ɗauki tulu da kacau-kacau sun tada waƙa, matasa suka kunna tocilan waya, haka aka yi kusan awa guda babu makirfo babu jita, kuma ni dai a ganina waƙar ta fi daɗi a hakan, 'yan kwaya kar ku ji haushina. Godiya ga yaron da ya kwanta a ƙasa cikin raɓa yana wanke fulogi har injin ya tashi. Malaman Sande Sukul ma sannunku da ƙoƙari, wasan makiyaya ya yi kyau, sai dai tunkiyar gaske da kuka shigo da ita ta tsinke igiya ta nufi wajen dattawa, yara har yau labarin da suke yi ke nan.

Ranar 25 tun asuba aka yi watanda. Kamar yadda muka saba, maƙwabcinmu mahauci Musulmi muka kira ya yanka saniyar don kowa a unguwa ya ci hankali kwance, ya yanka ya feɗe ya kasa kashi-kashi, da aka miƙa masa kuɗin aiki ya ce a zuba a na marayu. Malam mun gode, Allah ya bar zumunci. Haka matasan unguwa da suka tsaya a bakin get tare da 'yan Boys' Brigade (ƙungiyar samarin majami'a) da 'yan banga har aka tashi sujada, ga sanyi ga hazo, ba wanda ya roƙe su. Da rana yara suka yi ta zirga-zirga da kuloli gida gida, shinkafa da miya da cincin, kwanukan da suke shigo mana da Sallah su ne suka koma a cike. Wani gidan ma ba a dawo da kula haka nan ba sai da aka sako ƙuli-ƙuli a ciki.

Washegari 26 muka kasu biyu, mata suka tafi asibiti, maza da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai suka tafi gidan gyaran hali, ni na bi na biyun don ni ke riƙe da lis ɗin kaya. Wanda bai taɓa zuwa ba ya sani, sai ka ɗanɗana abincin da ka kawo a gaban ma'aikata kafin a shiga da shi, waya kuma a waje ake barinta. Mun kai dafaffen abinci, garin kwaki, suga, sabulu da silifas, aka yi addu'a aka yi waƙa, Kirista da Musulmi duk aka ba kowa ba tambaya. Da za mu fita wani saurayi ya ce shi ba ya son komai, lamba kawai zai faɗa a kira mahaifiyarsa a ce mata yana raye. Na rubuta a bayan takardar lis. Da yamma na kira, abin da matar ta yi a waya ba zan iya rubuta shi a nan ba. Mun gode wa ma'aikatan da suka yi haƙuri da yawanmu, da direban da ya ba da motarsa mai kawai aka zuba masa.

Sai ban haƙuri. Wajen kwafe sunaye na tsallake gida biyu, laifina ne ni kaɗai ba na kwamiti ba, sai daren tsallake shekara ana ba da shaida wata 'yar'uwa ta ja ni gefe ta faɗa mini. An kai musu nasu ranar 2 ga wata kuma na je da ƙafata na roƙi gafara, amma na san yadda mutum zai ji ya ga an shiga gidan maƙwabci an wuce nasa ranar biki. In akwai wani kuma da aka manta don Allah a same ni ko a faɗa wa kowane dattijo, ba sai an yi shela ba.

Baba Fasto da Mama, mun gode da ɗakin da kuka ba mu muka mayar sito, ɓeraye dai sun gode su ma. 'Yan'uwa daga majami'un Baptis, Katolika, HEKAN da Angilikan da suka zo waƙoƙin haɗin gwiwa, Allah ya kai mu na baɗi da rai da lafiya. Masu girki da suka kwana a bakin murhu hayaƙi na cin idonsu, masu ɗebo ruwa, masu shara bayan kowa ya watse, ban ambaci suna ba don na riga na ga abin da tsallake suna ke jawowa.

Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada ma'aji zai karanta rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya tsaya ya ji. Akwai kuloli uku, babbar tukunya ɗaya da murfin wata da ba mu san mai su ba, suna ofishin Fasto. Buhun kuma dattawa sun ce a bar shi a bakin ƙofa har Ista, gyaɗa dai a leda.