Namiji ko mace, dogo ko gajere: awon ƙashi a Chile

Mu masu binciken ƙashi, da ƙashin ƙugu muke farawa idan aka kawo mana ragowar mamaci don a gane ko wane ne. In ƙashin mara bai lalace ba, alamomi ukun da masanin ƙashi Phenice ya bayyana a 1969 sukan raba namiji da mace. Sai dai mamacin da ke rigingine, ƙashin mararsa ne a sama, shi ƙasa ke fara murƙushewa.

In babu shi, sai kan ƙashin cinya, dunƙulen da ke shiga kwarmin ƙugu. Muna kama shi da ma'auni mai baki biyu, muna juyawa har mu samu wuri mafi faɗi. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ce sama da milimita 47.5 namiji ne, ƙasa da 42.5 mace. A Chile wannan ƙa'idar na yaudara, domin ƙashin mutanen ya fi ƙanƙanta, maza da yawa kan faɗa tsakani. Shi ya sa muke dogara da iyakokin da aka fitar daga tarin ƙasusuwan Jami'ar Chile, na mutanen babbar maƙabartar Santiago da aka san jinsinsu a rubuce.

Tsayi ma haka yake. A kan allon awo, ƙashin cinya mai santimita 44 zai ba da tsayin mutum kusan santimita 166 a lissafin masana Trotter da Gleser na 1952, amma daga sojojin Amurka aka fitar da shi. Akwai tarko kuma a ƙashin ƙwauri: Trotter ba ta haɗa da tsinin idon sawu ba, wanda ya haɗa da shi zai ƙara wa mamaci tsayin da ba nasa ba. Idan ƙwarangwal ya cika, mun fi son hanyar Fully, wato a tara tsayin ƙoƙon kai, ƙashin baya ɗaya-ɗaya, cinya, ƙwauri da dunduniya, a ƙara kaurin tsoka da fata.

Abin ba wasa ba ne a ƙasar da har yau iyalai ke neman waɗanda suka ɓace a mulkin soja na Pinochet. Cikin gawarwakin da aka tono a Patio 29, wani sashe na babbar maƙabartar Santiago, a 1991, gwajin DNA ya nuna a 2006 cewa 48 an ba su sunan da ba nasu ba. Don haka tsayi muke rubutawa daga kaza zuwa kaza, suna kuwa sai an aika haƙori da yankin ƙashin cinya gwajin DNA.