Kirsimeti a Katsina

Daga Zariya muka tashi ranar 23 ga Disamba, muka bi ta Funtuwa da Malumfashi. Kuɗin mota ya kusa ninka na watan jiya, kuma direba ya ce mutum huɗu ne a baya, wanda bai yarda ba ya sauka. A wani shinge kafin Kankiya wani jami'i ya zazzage mini jaka a kan kwalta, ya tafi bai ce ko sannu ba. Hazo kuwa ya fi namu na gida nesa ba kusa ba, tun la'asar motoci suka kunna fitila.

Abin da ya kai ni Katsina shi ne sujadar daren jajiberen Kirsimeti a coci, kuma tsarin karatunsu ya zauna mini a rai. A Wusasa ta Zariya mun saba yaro ya miƙe ya karanta Ishaya 9:6 daga Littafi Mai Tsarki, a tafa masa, a wuce waƙa. Nan dattijon da ya shirya karatun bai yarda da haka ba. Ya ce a fara daga aya ta 2, mutanen da ke tafiya cikin duhu, a bi ta aya ta 5 inda za a ƙone takalman mayaƙa da rigunan da suka jiƙe da jini, sannan a iso ga Sarkin Salama a aya ta 6. In an tsallake waɗannan, in ji shi, sai salamar ta zama ado kawai. Kafin Ishaya 7:14 ma sai da ya yi bayanin minti biyu: Ahaz ne sarkin Yahuza, Suriya da Isra'ila sun haɗa kai a kansa, cikin wannan firgici aka ba da sunan Immanuwel, wato Allah yana tare da mu, sama da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Mika 5:2 kuwa ya haɗa ta da Matiyu 2:6, mai karatu ɗaya, domin a ji Baitalami, garin haihuwar Almasihu, sau biyu a jere.

Wata tsohuwa kusa da ni, wadda rashin tsaro ya raba da ƙauyensu, ta riƙe bakin mayafinta tana maimaita aya ta 5 a hankali. Da aka tashi na ce, "Mama, barka da Kirsimeti." Ta ce, "Yauwa ɗana, ka ji dai an ce za a ƙone su."

Kuskure ɗaya: lasifika ta mutu a karatu na uku, don ba a gwada janareta da rana ba.

Washegari maƙwabcin mai masaukina, Musulmi ne, ya aiko da ƙwaryar fura da nono, muka mayar da shinkafa da kaza. Kilishi ya yi tsada, amma ya ci kuɗinsa.

Ranar 26 na leƙa hasumiyar Gobarau, na wuce Daura na sha ruwan rijiyar Kusugu, na kwana Kano.